Sanyin da Iya ta kaɗa likkafaninta

Ni fa ban kai kaina ba, jawo ni aka yi. Duk wanda ya ce muku don tausayi na shiga maganar hannun Iya, to ko dai bai san ni ba a lokacin, ko kuma gyara mini suna yake son yi yanzu da furfura ta rufa mini asiri. Ina zamana lafiya a tashar Azare, ina da bencina, ina da abokaina, ina da bakin da yake samo mini ƙosai ba tare da na taɓa aljihu ba, sai aka aiko wai Baba yana kira.

Abin da ya tono mini wannan tsohon zance sanyin bana ne. Shekaranjiya ina alwalar asuba ruwa ya shiga wata tsaga a babban yatsana, na ji shi har tsakiyar kai. Jikanyata ta ga ina yarfe hannu, ta kawo mini wani mai a kwalba mai ƙamshin alewa, wai in dinga shafawa. Na tambaye ta a busasshiyar fata ake shafa shi ko a jiƙaƙƙiya, ta ce ai duk ɗaya ne. Na ce mata ta jawo kujera, don ba ɗaya ba ne, kuma wanda ya sani ne yake gaya mata.

Shekarar da nake magana a kanta ina da kamar goma sha shida. Na yi aji uku a elementare na ga abin ba zai ƙare da wuri ba, na sallami kaina. Lokacin yaƙin Turawa ne, kanti ya bushe, ba kananzir, gishiri sai an yi sa'a, yadi kuwa ko akoko sai ka san wani. Damina ma ba ta yi kirki ba. A gidanmu tuwon dawa sau ɗaya ne, da yamma, miyar kuka kuma lami, ko ɗigon mai babu. Da safe kunu ne tsararo wanda in ka leƙa kwanon kana ganin fuskarka. Ga sanyi ya sauko da wuri, irin wanda ruwan randa yake cizon haƙori, akuya ta ƙi fitowa daga bayan murhu ko an dake ta.

Na sami Baba a zaure yana kallon ƙasa. Ya ce hannun tsohuwa ya lalace. Iya ke nan, mahaifiyarsa. Shi ɗan farinta ne, ba ta faɗin sunansa, ba ta kallon idonsa, in tana son gaya masa magana sai ta gaya wa bango ya ji. Innarmu kuwa suruka ce, Iya za ta yarda hannun ya guntule kafin ta miƙa mata shi. 'Yan'uwana mata duk an kai su ɗaki. Saura ni, mai sunan marigayi mijinta, wanda take kira Maigida, wanda kuma duk gidan shi kaɗai yake iya ce mata tsohuwar banza ya kwana lafiya.

Na ce wa Baba ina da aiki a tasha, ni nake karanta wa mutane lambar mota. Ya ce motar da take zuwa sau biyu a mako, kowa ya san ta da ƙararta.

“Kai ne ba ka da aikin yi,” in ji shi, “kuma kai ne ba ka da kunya. Tashi ka je.”

Na tarar da ita a ƙofar ɗakinta tana shan hantsi, ƙafafu kusan cikin kaskon wuta, hannuwa a ɓoye a cikin zane. Iya Babarbariya ce, doguwa, da zanenta na gado a fuska, ga baki kamar aska.

“Amarya, miƙo hannu in ga abin da na aura.”

“Wanda ya gudo daga makaranta ne aka naɗa likita? Lallai garin nan ya ƙare.”

Sai da na yi barazanar zan kira Innarmu ta zo ta duba sannan ta fito da su. Na daina dariya. Bayan hannun ya yi fari fat kamar an barbaɗa gari, gaɓoɓin yatsu duk sun dare, babban yatsa da manuni na dama kuwa tsagar ta buɗe baki, ja a ciki, gefenta ya yi tauri kamar ƙaho. Dugaduganta ma faso ya raba su, har za ka iya ɓoye ƙwayar gero a ciki.

Na ce to ai maganin a fili yake, ta ajiye mazari ta huta. Wa ya sa ta kaɗi a wannan sanyi, ko cinikin zare ne zai sa ta yi kuɗi a tsufa? Sai ta ce in ɗauko mata wata tukunya a bayan gado.

Zare ne a ciki, dunƙule takwas, siriri, fari. A nan ta gaya mini abin da ko Baba bai sani ba. A lokacin kaka wata ƙawarta ta maƙwabta ta rasu, Iya tana cikin masu wanka. An gama wanka tun hantsi, gawa tana kwance har la'asar ana yawon neman farin yadi a gari. Ƙarshe ƙyalle biyu aka haɗa, ɗaya da shuɗin tambarin kanti a jiki, ya faɗo daidai kan ƙirjin matar. Iya ta ce tun a wurin ta yi wa kanta alkawari ba za a yi mata haka ba. Likkafaninta za ta kaɗa da hannunta. Ta je wurin Malam Buba masaƙi, ya ce dunƙule ashirin yake so, kuma ta kawo kafin sanyi ya ɗaga, don da zarar zafi ya fara zai kwance masaƙa ya tafi sharar gona Bulkachuwa, ba zai dawo ba sai bayan girbi. Ita kuwa ta tabbatar wa kanta ba za ta ga wani girbin ba.

Ta zaro dunƙule biyu daga cikin takwas ɗin ta ce in kai su rana. Duk ɗigo-ɗigon jini ne ya bushe a jiki, ya koma ruwan ƙasa.

“Ba zan je gaban Ubangiji da zane irin na zabuwa ba,” ta ce.

Ga inda matsalar take, ga wanda bai san kaɗi ba. Mai kaɗi tana dangwalar alli da yatsu don mazari ya murzu, kada ya sulluɓe. Allin nan ƙashi ne aka ƙona, yana tsotse duk wani danshi na fata. In ta shafa mai, mazari ya ƙi juyawa, zare ya yi dauɗa. In ba ta shafa ba, fata ta tsage, zare ya sha jini. Saura dunƙule goma sha huɗu, saura sanyi bai fi wata biyu ba.

Na bugi ƙirji na ce ta bar mini, ni ɗan tasha ne, na san abin da tsofaffi ba su sani ba.

Akwai wani yaron mota mutumin Misau da muke shiri. Na ba shi labarin faso kawai, ban da likkafani. Ya ɗaga mini dugadugansa ya ce in duba, sumul, ba abin da yake shafawa sai giris na ƙafar mota. Ya ce abin da ya hana ƙarfe cin ƙarfe ai fata wasa ce a wurinsa. Maganar ta shige ni. Ya lakato mini a gwangwani, na taho gida ina taƙama kamar na zo da maganin asibitin Kano.

Iya ta sunsuna ta ce warin Nasara yake yi. Na ce shi ya sa yake aiki. Na dambara mata shi da la'asar. Gaskiya ta ji sauƙi a ranar, har ta ce ashe makarantar ba duka ta tafi a banza ba. Da safe ta wanke da toka da sabulun salo har sau uku, hannu ya fita tas a ido, ta dangwali alli ta hau aiki. Kwana uku muna haka, ina yawo a gida ina ce wa Innarmu ta fara kirana Malam Likita.

Rana ta huɗu na ɗauki sabon dunƙulen na fita da shi tsakar gida don in yaba aikina. Wani baƙin layi ne ya bi zaren tun daga farko har ƙarshe, siriri, yana ɓacewa yana dawowa. Giris ɗin ya maƙale a can cikin tsagar inda toka ba ta kaiwa, zare yana wucewa yana ɗiba. Idon Iya ya yi rauni, ba ta gani ba. Tokar kuma ta ƙara cinye fatar, tsaga biyu sun zama huɗu.

Da na mayar da shi tukunya na yi shiru, ba mai sani sai ranar da ya isa hannun Malam Buba. Amma na shiga na gaya mata. Na shirya jin zagi tun daga kaina har kakana, wanda ma mijinta ne. Ta karɓi dunƙulen ta shafa shi, ta ajiye shi gefe wurin masu jinin, ta sa mazari a taskira, ta juya fuska bango. Kwana biyu ba ta ce mini Maigida ba. In na gaishe ta sai ta amsa mini kamar baƙo, da lafiya lau da komai. Ban taɓa sanin ladabi yana da ciwo haka ba.

Wadda ta fitar da ni Dada ce, wata tsohuwar Bafillatana da take kawo nono gidanmu daga wata ruga a hanyar Shira. Tsakaninta da Iya wasan Fulani da Barebari ne, ba sa haɗuwa ba su yi ba. Ta shigo ta sauke ƙwarya, ta ce ina baiwarta, yau ba a zo an taya ta saukewa ba. Iya ta ce daga ɗaki ba ta da lokacin mutanen daji. Dada ta ji muryar ba daidai ba, ta shiga, ta jawo hannun da ƙarfi ta duba. Ta tambayi baƙin mene ne wannan, na faɗa. Ta dube ni tun daga sama har ƙasa ta tambaya ko kakata ta yi mini kama da mota.

Sannan ta miƙo nata hannun ta ce in taɓa. Matar nan ta girmi Iya, kullum da asuba tana tatsa a fili cikin wannan sanyi, amma tafinta laushi kamar na mai jego. Ta ce fatar tsoho ba ta riƙe ruwa, kamar tsohuwar salka take, in ka bar ta ta bushe sai ta karye. Mai kuma ba ya jiƙa fata, rufe ta yake yi. In ka shafa a busasshiya, bushewar ka rufe a ciki. Sai an jiƙa da ruwan ɗumi, ba mai zafi ba, wanda gwiwar hannu za ta zauna a ciki ba ta gudu ba, a tsane kaɗan, a shafa man shanu tun da sauran danshi. Ta ce a daina alwala da ruwan randa. A janye ta daga bakin wuta, don wuta tana ɗumama tsoho tana gasa shi. Ba toka, ba wanke-wanke, ba gurzar auduga. Kaɗi daga hantsi zuwa azahar kawai, alli a kan yatsu biyu kawai, daga azahar zuwa wayewar gari hannu na mai ne.

Na ce duk na ji, ina man shanun? Ta ce nan ne wuyar. Yawancin shanu sun yi kudu neman ciyawa, 'yan da suka rage ƙashi ne da fata, man da take samu bai cika tafin hannu ba. Ba ta son kuɗi, don kuɗi ba ya sa saniya ta kawo nono. Angurya take so, 'ya'yan audugar da ake fitarwa wajen gurza. In na kai mata ƙwarya guda, ta ba ni curi guda.

To wa zai yi gurzar, tunda an hana Iya? Kun dai gane.

Haka na zauna a tsakar gida, ƙato da ni, dutse a gabana, ƙarfe a hannu, ina murza auduga ina fitar da 'ya'ya. Daga nan in ɗauki baka in yi shiɓa har audugar ta tashi kamar kumfa, ta shiga hanci ta shiga ido. Ranar farko Iya ta leƙo ta ga yadda nake riƙe bakan, ta kasa daurewa.

“Maigida, shiɓa ake yi da shi, ba harbin barewa ba.”

Da na ji Maigidan nan, wallahi kamar an sauke mini buhu daga ka.

Sai rayuwata ta koma ta agogo, ni da ban taɓa tashi kafin rana ba sai in duka ne. Kiran assalatu in fito, kara ya yi sanyi har ba ya son kamawa, in hura wuta ido yana hawaye, in ɗora tukunya, in tsoma gwiwar hannu, in zuba mata a buta in kai ƙofar ɗaki. Da hantsi in sake ɗumama wani, ta wanke man jiya da ɗan sabulu kaɗan, ta zauna a rana, ba a bakin kasko ba, ta yi kaɗi. In ta matsa wajen wuta in janye kaskon, ta zage ni, in ce na gode. Da azahar in karɓe mazarin ko tana tsakiyar zare. Ta yi alwala da ruwan ɗumi, in jiƙa ƙafafun a kwatarniya, in goge kaushin da dutse a hankali, gefe-gefe, ba cikin tsagar ba, in shafa mai. Shafin bayan la'asar da na kwanciya kuwa, ta ce ba sai na tsaya a kanta ba kamar ɗan doka, za ta shafa da kanta ta naɗe da tsumma. Na bar mata kaskon man a ɗaki.

Duk kwana uku in ɗauki angurya a ka in nufi ruga da sassafe. Hanyar nan ban manta ta ba. Yashi yana cizon tafin ƙafa don sanyi, leɓe ya tsage in ka yi hamma, ciki ba komai sai kunun nan. Dada takan ba ni ɗan nono a ludayi in sha a tsaye, ta ce in gai da baiwarta.

Mako guda ya wuce, mai yana ƙarewa da sauri, hannu kuwa bai canja ba yadda Dada ta ce. Ƙafa ta yi sauƙi, don ni nake shafa mata, amma yatsun suna nan jiya i yau, har wani dunƙulen ya sake samun ɗigo. Na fara zargin Bafillatanar ta mayar da ni bawan shanunta ne kawai.

A makon nan kuma wani abin alheri ya sauka a gidanmu. Miya ta fara ƙyalli. Kukar nan da muka saba haɗiya kamar magani sai ga ta da ƙamshi, ƙannena suna lashe kwano har da bayansa. Baba ya yi hamdala ya ce albarka ta dawo. Ni da bakina na yaba wa Innarmu, na ce hannunta ya faɗa. Ta sunkuyar da kai. Na kai loma ta biyu, na tsaya da ita a baki. Na san wannan ƙamshin. A kaina na ɗauko shi daga hanyar Shira.

Washegari na tsare Iya. Ba ta ko musa ba. Ta ce in Innarmu ta ɗora miya ta shiga ɗaki, ita sai ta lallaɓa ta jefa man a ciki, surukar kuma ta gani ba ta da bakin magana.

“Yara suna kwana da ciki yana kuka, ni in kwashi abinci in shafa a fata? Wace irin tsohuwa ce za ta yi haka?”

Na ce irin wadda take son likkafani fari. Ta ce Allah zai kawo yadda za a yi. Na ce ai ya kawo, ita ce take zubawa a tukunya. Muka yi ta yi, ba wanda ya ci. A baki ba a cin Iya, wannan na sani tun ina yaro, don haka na bar baki.

Na samo ɓawon maɗaci na dafa shi har ruwan ya yi kauri, na ɗiga kaɗan a cikin sabon curi, na buga shi ya haɗe, na kai mata ɗaki ban ce komai ba. Na ɗauka za ta ɗanɗana ta gane. Ba ta ɗanɗana ba.

Tuwon yammacin nan har in mutu ba zan manta da shi ba. Ƙaramin ƙanena ya kai loma ya fashe da kuka. Innarmu ta zaro ido. Baba ya tauna, gemunsa ya yi rawa, ya dubi ƙofar ɗakin mahaifiyarsa, ya gane hannun wa ke ciki, ya haɗiye. Haka ya cinye rabonsa tas, loma bayan loma, ido jajir, don ba zai kushe abin da uwarsa ta taɓa ba. Ni ma na ci nawa, tunda ni na dafa. Can sai muryar Iya daga ɗaki, a hankali.

“Maigida, marigayi ma mugu ne, amma ka fi shi.”

Dariyar ba ta yi mini daɗi sosai ba, don yaran sun kwana da yunwa a ranar, kuma maganar da ta yi gaskiya ce. Da safe na bi gidajen maƙwabta na ce wa matan duk mai audugar gurza ta kawo, zan yi mata kyauta, anguryar tawa. Suka yi ta dariya suna kawowa. Daga ranar ƙwarya biyu nake kai wa Dada, in dawo da curi biyu, ɗaya in miƙa wa Innarmu a gaban kowa, ɗaya mai maɗaci ya shiga ɗakin Iya. Kuma na daina yarda da ita, ni nake shafawa da hannuna kowace salla, in naɗe da tsumma in ɗaure.

Labari ya kai tasha. In na wuce sai su ce ga Habu mai shiɓa, yaushe za a sa mini lalle. Na ce musu ni matar aure gare ni a gida, su kuwa ko akuya ba ta san ranar dawowarsu ba. Amma na rage bi ta wajen.

Kwana goma tsagar ta fara haɗe baki daga ciki. Taurin gefen ya yi laushi ya zube. Farin garin nan na bayan hannu ya tafi, fatar ta dawo baƙa mai sheƙi, jijiyoyi a kwance. Abin mamaki, kaɗin rabin yini ya fi na yini guda yawa, don da tana yi tana tsayawa tana hura yatsa, yanzu mazari sai kuka yake a taskira ba tsayawa. Ina gefe ina miƙa mata shiɓaɓɓiyar auduga, tana ba ni labarin mutanen da suka mutu tun kafin a haifi Baba, da laifin kowannensu. Duk dunƙulen da ya cika in fita da shi rana in juya shi ta ko'ina kafin ya shiga tukunya.

Sanyi ya fara ɗagawa muna da goma sha takwas. Na gane ne ranar da na ga akuyar nan ta bar bayan murhu ta koma inuwa. Na ruga wurin Malam Buba na tarar har ya fara ɗaure kayansa. Na zauna na yi masa surutu, na yabi saƙarsa, na yabi gonarsa da ban taɓa gani ba, na ce gaskiya ƙasar Bulkachuwa ba ta son a yi mata shara da wuri. Ya ce in tashi in ba shi wuri, ya ƙara mana kwana biyar, ba don ni ba, don tsohuwar. A rana ta huɗu na kai masa ashirin cif. Ya ɗaga su ɗaya bayan ɗaya a rana, ya ja zaren ya ji ƙarfinsa, ya ce wannan hannun budurwa ne. Na ce ya yi hankali, matata ce.

Da ya kawo farin likkafanin, Iya ta sa na rufe ƙofa. Ta shimfiɗa shi a kan gado, ta bi shi da tafin hannu daga wannan baki zuwa wancan, a hankali, ba zare ɗaya da ya kama mata fata. Ta ce in duba mata da idona mai kyau ko akwai ɗigo. Na duba na ce babu. Ta ce in sake dubawa. Sannan ta ninke shi ta sa a tukunya ta rufe da faifai, ta yi ajiyar zuciya, ta ce yanzu duk ranar da aka ga dama. Zaren da na ɓata kuwa, da mai jinin da mai giris, ashe ta ba Malam Buba a ɓoye ya saƙa, aka ɗinka mini 'yar taguwa mai baƙin layi-layi. Ta ce in dinga sawa ina tuna ni likita ne.

Ranar da aka ga damar ba ta zo ba sai bayan sanyi tara. Kuma duk taran ni na ɗora ruwan, har bayan na yi aure ina zuwa daga gidana. Yadda aka yi na faɗa wannan rami kuwa, magana ɗaya ce.

Washegarin ranar da aka kawo farin na yi barcina har rana ta fito, na sa sabuwar taguwa zan tafi tasha in karɓi bencina. Ina zuwa tsakar gida na gan ta zaune a ƙofar ɗaki, ta miƙe ƙafafu, kwatarniya a gabanta ba ruwa, ta tambaye ni ina ruwan ɗuminta. Na ce aiki ya ƙare, zare ya cika, likkafani yana tukunya, ni da ita sai gaisuwa. Ta ce wa ya ce ya ƙare. Na ce Baba hannu ya ce in gyara, an gyara, an yi kaɗi. Ta ce shi wancan bai san komai ba. Na ce to ta gaya mini amfanin laushin hannu ga matar da ta gama shirin tafiya, wa zai gani, mala'iku ba sa duba dugadugi. Innarmu tana bakin murhu ta toshe baki da zane. Na ga na samu masu kallo, na ƙara da cewa in ma so take ta yi sabon miji a can, marigayi yana jiranta, kuma da fasonta ya san ta.

Iya ta bari na gama tsaf. Ta tura mini kwatarniyar da ƙafa.

“Masu wanka jiki suke fara gani kafin su ga zane. Ni na yi wankan, na san abin da ake faɗa in an fito. So kake su ce farin ya yi kyau, amma mijinta bai iya riƙon mata ba? Cire rigar nan ka ɗora ruwa.”